Magurjin Fuska

Saura kwana arba'in da biyu a ɗaura aure aka kawo kwalin. Direban wata motar haya da ke jigila tsakanin Kano da Ɗambatta ne ya sauke shi a bakin titi, wani ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi cikin ƙauyen ta burtalin da ya ratsa gonaki, a daidai lokacin da aka gama ɗaure gero, dawa kuma tana tsaye tana jiran lauje. Abu biyu ne a ciki. Na farko wata 'yar kwalba ce da ba ta fi tsawon yatsa ba, murfinta haɗe da wani ɗan bututu da ake ɗiga ruwan ciki da shi. Na biyu wani ɗan dutse ne kore, mulmulalle, mai santsi da sanyi, an soke shi a jikin ƙarfe yana juyawa, an kuma yi masa mariƙi. Masu sayarwa suna kiran na kwalbar siram, na dutsen kuma rola, kuma da wuya su sayar wa mace ɗaya ba tare da sun kwaɗaita mata ɗayan ba. Cewa suke yi siram shi ke sabunta fata, rola kuma ita ke tura shi ciki.

Wadda ta aika aka sayo su budurwa ce 'yar shekara goma sha tara, 'yar fari a ɗakinsu. Saboda alkunya mahaifiyarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma taɓa zaunar da ita ta dubi fuskarta a gaban mutane ba. Tun da aka yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, tsohuwar da duk ƙauyen ke kira Iya, wadda ta shafe fiye da shekara arba'in tana aikin ungozoma. Ita ce ta fara ɗaukar dutsen daga kan tabarma. Ta jujjuya shi, ta gara shi a bayan hannunta, sannan ta dubi jikar tata da irin kallon da ke tsakanin kaka da jika.

"Kishiya, wannan ai magurji ne. Auduga kika shuka a kumatun naki?"

Iya ba ta yi kuskure a kamancen ba. A ƙuruciyarta, lokacin da masaƙan Minjibir da kewaye suke sayen zaren hannu, babu macen da ba ta san gurza ba: a shimfiɗa auduga a kan faffaɗan dutse, a ɗora siririn ƙarfe, a gara shi da tafin hannu har angurya ta fice. Abin da ke garawa a kan abu mai laushi domin ya fitar da wani abu daga cikinsa, sunansa magurji. Daga ranar kuwa sunan ya bi dutsen, har yaran gidan ba su san shi da wani suna ba.

Ƙauyen yana cikin yankin da Michael Mortimore da J. Wilson suka bayyana a nazarinsu na 1965 kan ƙasa da jama'a a karkarar Kano mai cunkoso, inda gona ke manne da gona, ba a barin saura, ba a kuma sanin inda wani gari ya ƙare wani ya fara sai da shingen aduwa ko layin gamba. Ƙasar da ake nomawa kowace damina ba tare da hutu ba, ba ta rayuwa sai da ciyarwa: takin tumaki da awaki, tokar murhu, sharar gida, da jujin birni da a da jakai ke kwasowa cikin mangala. Mutanen da suka tashi a irin wannan wuri ba sa mamakin a ce abu yana ci. Shi ya sa a bakin Iya fata ma ci take yi, kuma sha take yi. Idan ta ga yaro ya yi furu-furu da hunturu sai ta ce jikinsa na jin yunwa; idan ta ga amarya tana sheƙi sai ta ce ta sha mai. Saboda haka da'awar cewa akwai wani ruwa da ke ciyar da fata ba ta zo mata a baƙuwa ba. Abin da ta tsaya a kai shi ne tambaya guda: me ya sami fuskar da har take neman wannan ɗawainiya?

Ta san amsar tun kafin ta tambaya. Wata takwas ke nan yarinyar tana shafa wani haɗi da ake sayarwa a cikin roba marar suna, wanda wata mata a garin da ke kusa take haɗawa a ɗakinta, 'yan talla su rarraba shi gida-gida. Irin cinikin nan ne na bayan katanga da Polly Hill ta rubuta a kansa a 1969 bayan zamanta a Batagarawa, sai dai a wancan zamani ƙuli-ƙuli da fura da hatsi ne ke yawo tsakanin gidaje, yanzu kuwa har da abin da ya kamata a ce likita ne kaɗai ke rubuta shi. Watannin farko fuskar ta yi haske, ƙawaye suka yaba. Daga baya sai wasu siraran jijiyoyi ja suka fara bayyana a kumatu, ƙananan ƙuraje suka feso a goshi da haɓa, rana kuma ta zama abokiyar gaba: ko zuwa rijiya ta yi sai fuskar ta ɗauki raɗaɗi kamar an watsa barkono. Idan ta daina shafawa kwana biyu abin ya ninka, idan ta koma ya lafa. Waɗannan alamomi sanannu ne ga likitocin fata. Su ne sawun magungunan kumburi masu ƙarfi, irin su kulobetasol, idan aka daɗe ana shafa su a fuska: suna sirantar da fata, su bar jijiyoyin jini a fili, kuma fatar ta saba da su ta yadda barinsu kan zo da tashin hankali. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da kayan hasken fata, adadin da ake ta maimaitawa har yau ko da yake bai kamata a shimfiɗa shi a kan kowane ƙauye ba. A 2023 kuma hukumar NAFDAC ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Yarinyar ba ta san da waɗannan ba. Abin da ta sani shi ne ranar buɗar kai 'yan'uwan ango mata za su yaye mayafi, su duba, su kuma tafi da labari.

Kuɗin da ta sayi kwalin na gyaɗar gayaunarta ne, wadda mahaifinta ya yanka mata a gefen gandu. Don haka ba abin wasa ba ne a wurinta, ko da kakarta ta mai da shi abin tsokana.

Mai sauraren Iya tana aiki zai lura cewa ba ta da kalma ɗaya ta abin da hannu ke yi wa fata. Tana da kusan goma, kuma ba ta musanya su. Shafa ita ce mafi sauƙi: hannu ya bi ta kan fata ya bar mai, ba tare da ya motsa naman da ke ƙasa ba. Murza ta fi ta nauyi, akwai kewayawa a cikinta, kuma fata kan ɗan yi ɗumi. Mulke jiki shi ne a cika masa mai har ya yi naso. Cuɗa ta wanka ce, da soso da sabulun salo, kuma tana bukatar mutum na biyu idan aka zo baya, abin da ya haifi karin maganar nan ta cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Dirza da gurza na kaushi ne da faso, aikin dutse a kan diddige. Tausa ba fata take nema ba, tsoka take nema. Daddannawa ta ciki ce da gaɓoɓi. Gashi kuwa shi ne a haɗa matsi da zafi, da tsumma ko da tafin hannun da aka kanga a wuta. Abin da ya raba waɗannan kalmomi ba irin man da aka yi amfani da shi ba ne. Nauyin hannu ne, da zurfin da ake son ya kai.

Akwai wani abu kuma da ɗalibin nahawu zai so. Idan aka ɗauki murza da dirza da gurza aka kai su aji na huɗu a tsarin da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, ajin da ke nuna an yi aiki har ƙarshensa, sai a sami murje da dirje da gurje, inda z ta ganɗance ta koma j a gaban wasalin e. Ana kawo wannan a aji a matsayin misalin ganɗantawa, a wuce. Amma a bakin ungozoma ma'anar ce abin lura: gurza aiki ne, gurjewa kuwa rauni ce. Yaron da ya faɗi ya gurje gwiwa. Wato harshen da kansa ya ajiye iyaka tsakanin gyara da ɓarna a wasali guda, kuma duk sana'ar Iya a kan sanin wannan iyaka take. Takardar da ta zo cikin kwalin kuwa kalma ɗaya ta Turanci ta sani, wadda 'yan kasuwa ke fassarawa da tausa, sai hoton fuska da kibiyoyi masu nuna sama.

Ba za a ce dutsen ƙarya ne zalla ba. A 2018 wasu masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Tokyo, cikinsu har da Naoyuki Hayashi, sun gwada irin wannan abin garawa a kumatun mutane kaɗan, suka ga cewa murzawar minti biyar tana ƙara gudun jini a wurin har fiye da minti goma bayan an daina. Sanyin dutse da matsi mai sauƙi suna kuma rage kumburin safiya na ɗan lokaci. Iyakar abin da aka tabbatar bai wuce nan da nisa ba. Batun tura siram cikin fata shi ne inda talla ta fi ilimi baki. Saman fata wani siririn shinge ne na matattun ƙwayoyi da kitse, kaurinsa bai kai na silin gashi ba, kuma aikinsa shi ne hana shiga da hana fita. A 2000 Jan Bos da Marcus Meinardi suka nuna cewa sinadarin da nauyin ƙwayarsa ya haura dalton 500 da wuya ya ratsa lafiyayyar fata. Bitamin C da niyasinamid da retinol suna ƙasa da wannan iyaka, don haka suna iya shiga, da dutse ko babu dutse. Amma sinadaran da ake wa laƙabi da masu sabunta fata, irin furotin mai sa ƙwayoyi tsiro wanda nauyinsa ya kai dalton dubu shida, ko kolajin da ya kai dubu ɗari uku, ko abin da kamfanonin Koriya ta Kudu ke tatsowa daga kifin salmon, duk sun fi ƙofar girma. Garawar dutse ba ta faɗaɗa ƙofa. Abin da ke faɗaɗa ta shi ne rauni, kuma fatar da ta riga ta sirance ita ce ke shigar da komai, mai amfani da marar amfani.

Nan ne yarinyar ta faɗa. Kowane dare bayan isha'i, idan Iya ta yi barci, sai ta kunna fitilar waya, ta shafa haɗin nan da ta kasa bari, ta ɗiga siram a kai, sannan ta hau gara dutsen daga haɓa zuwa kunne, daga hanci zuwa gefen ido, tana dannawa da ƙarfi saboda a ganinta gwargwadon matsi gwargwadon shiga. Ba ta wanke dutsen, don ba wanda ya ce mata a wanke. Yana bi ta kan ƙurji ya fasa, ya kwashi abin da ke ciki ya kai gaba. Cikin kwana tara kumatun suka yi jawur, wani wuri ya saɓule, ƙurajen goshi suka gangaro har wuya.

Iya ba ta yi faɗa ba. Da asuba ta zaunar da ita a bakin ƙofa inda haske ke faɗowa, ta ɗora bayan yatsunta biyu a kan kuncin, ta ɗan jima.

"Ba gurza kika yi ba, gurjewa kika yi. Wannan fatar ta jariri ce, bakwaini ma. Wa ya taɓa ganin an sa wa bakwaini dutse?"

"Iya, to ya zan yi? Saura wata ɗaya."

"Wata ɗaya ai ya isa cibiya ta faɗi ta warke. Tashi ki ɗauko mayafinki."

Abin da tsohuwar ta yi daga nan ya saɓa wa yadda ake yawan zana irinta a rubuce-rubuce. Ba ta shiga ɗaki ta kwance ƙullin saiwoyi ba. Asibitin garin da ke kusa ta kai ta, domin a cewarta ciwon da aka sayo da kuɗi a roba, masu roba ne suka san kansa. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta ta karɓe haɗin, ta bayyana mata cewa fuskar za ta ƙara tashi kafin ta kwanta, ta rubuta magani, ta kuma yi gargaɗi uku: kada rana, kada soso, kada dilka ko halawa a fuska. Na ukun ya fi yi wa yarinyar ciwo, don an riga an yi magana da mai gyaran jiki da za ta zo daga Kano. Dilka da halawa ba tsofaffin al'adun wannan karkara ba ne; daga Sudan suka biyo ta Borno, suka zauna a birane, sannan suka fantsamo ƙauyuka, har yanzu ana ganin auren da ba a yi su ba kamar bai cika ba. Dukansu biyu aikin murza ne da fizga, abin da fatar da ta sirance ba za ta ɗauka ba.

Bai kamata a ɗauka cewa ilimin Iya tsarkakakke ne daga irin da'awar da ke cikin kwalin ba. Ita ma tana da nata. Duk jaririn da ta karɓa sai ta kanga yatsunta a wuta, ta lakato man alayyadi, ta ja masa karan hanci safe da yamma har a yi suna, wai don ya miƙe. Ta yi wa wannan jikar tata, kuma har gobe tana alfahari da hancin, ko da yake duk wanda ya ga mahaifin yarinyar ya san inda aka samo shi. Wannan da cewar masu rola wai dutse na sassaƙa muƙamuƙi, ɗanjuma ne da ɗanjummai: ƙashi da guringuntsi ba sa sauya siffa don an shafa su. Wankan jego ma, wanda ta gudanar ɗaruruwan sau da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya da kunun kanwa, tun a 1978 N. M. Davidson da E. H. O. Parry suka danganta shi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego a Zariya, saboda haɗuwar zafi da gishirin kanwa. Iya ta rage zafin ruwanta da yawan kanwarta a 'yan shekarun nan, ba don ta karanta su ba, sai don ta ga ƙafafun da suka kumbura.

Amma a wani ɓangaren bincike ya zo ya tarar da ita a inda take. A wani gwaji da Gary Darmstadt da abokan aikinsa suka yi a wani asibitin yara a Dhaka ta Bangladesh, wanda aka buga a 2005, bakwainin da aka riƙa shafa wa man furen rana sun fi waɗanda ba a shafa wa ba tsira daga cututtukan da ake ɗauka a asibiti da kimanin kashi 41 cikin ɗari. Wani nazari na Jami'ar Sheffield a 2013 ya nuna kuma cewa ba kowane mai ne abokin fata ba: man zaitun, duk da darajarsa, ya raunana shingen fatar waɗanda suka shafa shi na mako huɗu. Wato mai yana aiki, amma aikinsa a sama ne, ya toshe tsagogin shinge ya hana ruwan jiki tsiyayewa har fata ta gyara kanta daga ƙasa, abin da kan ɗauke ta wajen mako huɗu. Iya ba ta taɓa cewa man kaɗanya na shiga jini ba. Cewa take yi yana rufa wa fata asiri.

Man nata ma ba na ƙauyen ba ne. Kaɗanya ba ta da yawa a gonakin arewacin Kano, inda gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya suka fi yawa. Daga wajen Neja da Kwara ake kawo shi, ta saya a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, ta narka, ta tace da farin ƙyalle, ta zuba a wani ƙaramin kwano mai murfi. Don haka ba za a ce rikicin na ɗan gida da baƙo ba ne. Kwano da kwalba duk a mota suka zo.

Tsarin da ta ɗora yarinyar a kai ba shi da wani abin burgewa. An ɗauke mata zuwa rijiya da kai abinci gona. Wanke fuska da ruwan randa kawai, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba. Sai maganin asibiti a kan lokacinsa. Da dare kuma Iya ta zauna ta miƙe ƙafa, yarinyar ta ɗora kai a cinyarta, ta lakato man da bai fi ƙwayar gero uku ba, ta narka shi tsakanin tafukanta, ta ɗora a inda ya bushe yana saɓa, ta tsallake inda ƙuraje suke. Makon farko ko shafa ba ta yi ba, ɗorawa kawai take yi ta ɗauke. Fuskar ta tashi kamar yadda aka faɗa, har yarinyar ta kwana biyu tana kuka tana roƙon a dawo mata da robarta. A mako na biyu tsohuwar ta fara shafa. Sai a na huɗu ta yarda ta ɗan murza gefen muƙamuƙi da goshi, inda ta ji fatar ta fara yin jiki.

Wannan ji shi ne abin da ba ya cikin kwalin, kuma shi ne abin da ya yi ƙaranci a rubuce-rubucen fannin. Kundayen digiri a kan magungunan gargajiya da kwalliyar matan Hausawa sun yi ƙoƙari wajen tattara sunayen itatuwa da saiwoyi da yadda ake haɗa su, har da jadawali. An rubuta lalle da zunguru, an rubuta kwalli da tandu, an rubuta ƙaho da askar wanzami. Amma hannun da ke tsakanin magani da jiki, nawa ya danna, yaushe ya sassauta, me ya ji da ya sa ya tsaya, ba kasafai yake samun ko sakin layi ba, wataƙila don ba ya shiga jadawali, wataƙila kuma don mai tambaya ya saba tambayar "me ake sawa" ba "yaya ake taɓawa" ba. Su kansu matan ba su da dogon bayani a kai. Iyaka su ce wance tana da hannu. Haɗa abin shafawa da abin murzawa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Sabon abu shi ne mace ta zauna ita kaɗai cikin duhu, riƙe da mariƙin da ba ya jin zafin fata, tana aiki a kan fuskar da tsoro ya hana ta yi wa adalci. Dutse ba ya gaya wa mai riƙe da shi cewa ya isa.

Siram ɗin dai Iya ba ta zubar ba. Ta ce a kai wa ma'aikaciyar jinyar ta karanta abin da ke jikin kwalbar, ita kuma ta ce a ajiye shi sai fuskar ta warke sarai, a fara gwadawa a bayan kunne. Dutsen kuwa ya sami wani aiki da ba a yi masa shi ba. Wata rana da zafin fuskar ya hana yarinyar sukuni, tsohuwar ta wanke shi da sabulu, ta tura shi cikin jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa, bayan ɗan lokaci ta ciro shi ya yi sanyi ƙarara, ta ɗauraye, ta ɗora mata a kunci ba tare da ta gara ba. Raɗaɗin ya lafa. Daga nan kullum yana gindin randa, kuma Iya ce kaɗai ke riƙe shi.

"Ashe magurjin naki yana da amfani, kishiya, in dai ba a gurza da shi ba."

Mahaifiyar yarinyar ba ta ce uffan ba duk tsawon wannan lokaci. Sai dai kowace Lahadi akan ga sabon ƙullin man kaɗanya a kan bangon ɗakin Iya, ba a san wanda ya ajiye ba, ba a kuma tambaya.

An ɗaura aure ranar Asabar, hunturu ya fara busawa, ana cikin yankan dawa. Mai gyaran jiki ta zo daga Kano ta yi dilkar hannu da ƙafa da baya, ta tsaya a wuya bisa sharaɗin da Iya ta kafa, tana zaune a gefe tana kallo. Fuskar ba ta koma yadda take a da ba. Ƙurajen sun kwanta, saɓar ta daina, amma launin ya dawo da duhunsa na asali, har ya ɗan zarce a kan kumatu, kuma siraran jijiyoyin nan suna nan ga mai duban kusa; an ce wasunsu ba za su tafi ba. Ranar buɗar kai wata daga cikin 'yan'uwan ango ta ce ai an ce musu amaryar fara ce. Wata dattijuwa a cikinsu ta ce ita dai ta san yarinyar tun tana goye, kuma haka ta san ta.

Da aka zo jeren ɗaki, ƙawaye suka sa 'yar kwalbar a cikin kabad, a gaban kwanukan tangaran, inda mai shigowa zai gani. Aka nemi dutsen a haɗa da ita, ba a same shi ba. Yana can gidan Iya a gindin randa. An haihu a maƙwabta daren jiya, mai jegon ta tashi da kumburarrun idanu, tsohuwar kuma ta riga ta aiki yaro ya ɗauko mata shi.